Jarumai a Kan Katako: Daga Birnin Edo Zuwa Kilomita Biyar

[Taken buɗe shiri]

 

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, har ƙasar Japan, amma daga shagon mai aski za mu tashi. Duk wanda ya zauna jiran aski a nan unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, ko ya leƙa fuskar wayar ɗansa, ya san hotunan da ke tashe: ɗan ƙwallo, ɗan fim riƙe da bindiga, sai kuma zane-zanen nan na Japanawa masu manyan idanu da gashi tsaye cirko-cirko. Ku tambayi yaranku masu kallon Naruto ko sun san wani dattijo Jiraiya mai hawan ƙaton kwaɗo. Za su ce sarai ma kuwa. To wannan suna ya girmi kakan kakansu. Daga wani labari aka ɗauko shi wanda aka fara bugawa a Japan a shekarar 1839, rubutunsa da hotunansa duk a kan katako aka sassaƙa su. Wannan sana'a ta buga hoton jarumai da katako ita ce zancenmu na yau.

Mu fara da abin da ya fi ba ni mamaki a lamarin. Hotunan mayaƙan nan ba a zamanin yaƙi suka yi kasuwa ba. Japan ta sha yaƙin basasa sama da shekara 100, gari ya ci gari, bara ya kashe ubangidansa, har wani shugaban askarawa mai suna Tokugawa Ieyasu ya ci nasara a 1600, ya karɓi sarautar shogun a 1603. Zuriyarsa ta riƙe ƙasar har 1868, kuma mafi yawan wannan zamani lafiya aka zauna. Baraden da ake kira samurai suna nan da takubbansu biyu a ɗamara, amma aikinsu ya koma rubutu da lissafin haraji a ofis. Albashinsu da shinkafa ake biya, da yawansu kuma bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu. A tsarin hukuma, ɗan kasuwa ne ƙarshen daraja, yana bayan barde da manomi da mai sana'ar hannu. Amma kuɗi a hannunsa yake. Birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, ya kai kimanin mutum miliyan ɗaya tun a ƙarni na 18, kuma masu shaguna da 'yan dako da kafintocin birnin su ne masu sayen hotunan nan. Mutumin da doka ta hana shi rataya takobi irin na barde, shi ke zuwa ya sayi barde a takarda ya liƙa a ɗakinsa. Kuɗin hoto guda bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya a bakin titi ba.

Yaya ake yin sa? Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai sassaƙa hatimi a kasuwa, ya ga yadda yake yanka haruffa a juye don su fito daidai a takarda, ya riga ya fahimci tushen abin. Sai dai na Japanawa hannu huɗu ne ke haɗuwa a kai. Akwai mai jari, wato mai shagon da ya san abin da kasuwa ke so, shi ke ba da aiki, shi ke ɗaukar riba ko asara. Akwai mai zane, wanda zai zana hoton da baƙar tawada a siririyar takarda. Daga nan sai masassaƙi ya karɓa, ya kifa takardar a kan allon itacen ceri, ya manne ta, ya murje bayanta har layukan su bayyana, sannan ya bi da wuƙa yana cire duk inda babu layi. Ku lura da wannan, jama'a: zanen asali a nan yake ƙarewa, wuƙa ce ke cinye shi. Mai zane yana miƙa aikinsa ne da sanin ba zai sake ganinsa ba sai a hannun wani. Gashin kan mutum kuwa, sili-sili, sai babban gwani a cikin masassaƙa ake bar wa, don yaro kan yi shekaru yana koyo kafin a yarda ya taɓa fuska.

Wannan allon farko na baƙin layi ne kawai. Kowane launi da nasa allon: ja daban, shuɗi daban, ruwan ɗorawa daban, wani hoton ya ci allo goma ko fiye. Na huɗunsu, mai bugu, shi zai shafa launi da ɗan kunun shinkafa a kan allo, ya ɗora takarda mai ɗanshi wadda aka yi da ɓawon wata bishiya, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ganyen gora. Babu inji ko ɗaya, ƙarfin kafaɗa ne. To me ke hana ja ya hau kan shuɗi? 'Yar dabara ce ƙarama: a gefen kowane allo ana sassaƙa kusurwa ɗaya da ɗan layi ɗaya, kullum a nan bakin takarda ke zama. Da wannan aka kai ga buga hoto mai cikakken launi a 1765, a hannun wani mai zane Suzuki Harunobu. Bugun farko kan kai kamar kofi 200, in ya karɓu a ƙara, har allon ya lashe.

Gwarzon wannan fage shi ne Utagawa Kuniyoshi, wanda aka haifa a Edo a ƙarshen ƙarni na 18, ya rasu a 1861. Ɗan marini ne, mahaifinsa rinin siliki yake yi, kuma wanda ya tashi a bakin karofi ba a koya masa launi. Ya shiga koyon zane yana yaro, amma ya daɗe kasuwa ba ta kalle shi ba, har an ruwaito sai da ya koma sayar da tsofaffin tabarmi don ya ci abinci. Sai a wajen 1827 wani mai jari ya ba shi aikin zana jarumai 108 na wani tsohon labarin ƙasar Sin, labarin mutanen da zaluncin ma'aikatan hukuma ya kora daji. Kuniyoshi ya ba kowane jarumi takarda guda shi kaɗai, ya cika ta da shi har gefe: wannan yana kokawa a ƙarƙashin ruwa, wancan yana karya bishiya, jikin wasunsu cike da jarfa ta dodanni da furanni. Gari ya ɗauka. 'Yan kwana-kwana da 'yan dakon Edo suka riƙa zuwa a yi musu irin wannan jarfa a baya da kafaɗa. Hoton takarda ya koma fatar mutane, kuma ina so mu riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo kansa.

Daga nan ya juya ga jaruman ƙasarsa, musamman na yaƙin da gidan Minamoto da gidan Taira suka gwabza daga 1180 zuwa 1185. Akwai Yoshitsune, ƙaramin jiki, mai zafin nama, da Benkei, ƙaton da labari ya ce ya tare wata gada a Kyoto yana ƙwace takubban masu wucewa har ya tara 999, sai yaron nan Yoshitsune ya kayar da shi a na dubu, daga ranar ya zama baransa har mutuwa. Labari ya ce a 1189, da aka yi musu ƙawanya, Benkei ya tsaya a bakin ƙofa kibau na sauka a jikinsa, ya mutu a tsaye, abokan gaba suka daɗe suna tsoron matsowa. Akwai mace ma, Tomoe, wadda ake zanawa a kan doki cikin sulke tana fizgo namiji daga sirdi. Yoshitsune mutum ne na tarihi tabbas. Takubba 999 kuwa ƙarin gishirin masu ba da labari ne, masu saye ma sun san haka, ba ta hana su saye ba.

[Ɗan kiɗa]

Masu saurare, har yanzu kuna tare da shirinmu, muna kan hotunan jaruman Japan.

Hukuma ba ta ɗauki takardun nan wasa ba. Tun daga 1790, kowane zane sai ya samu hatimin masu tacewa kafin a sassaƙa shi. A 1804 aka kama wani fitaccen mai zane, Utamaro, saboda ya zana tsohon shugaba Toyotomi Hideyoshi yana shaƙatawa da matansa, aka sa masa ankwa kwana 50, shekara biyu bayan haka ya rasu. Aka kuma hana zana duk wani mayaƙi da ya rayu daga 1573 zuwa gaba da sunansa ko tambarin gidansa, domin a wannan zamani ne gidan Tokugawa ya hau mulki a kan gawar wasu gidaje. Sai masu zane suka riƙa murɗa suna kaɗan, su bar wata alama a sulke, mai saye ya gane da kansa. Haka aka yi da barade 47 ɗin nan da suka rama wa ubangidansu a farkon ƙarni na 18: sunayen aro aka ba su, kowa kuma ya san su wa ake nufi. A 1842 aka hana hoton 'yan wasan kwaikwayo da matan shaƙatawa, aka ƙayyade farashi da yawan launi. Shekara guda bayan haka Kuniyoshi ya fitar da hoton wani tsohon jarumi, Raiko, yana kwance ba lafiya, wani aljanin gizo-gizo na saƙa masa mugun mafarki, rundunar dodanni na faɗa a bayansa. Mutanen Edo suka ce ai marar lafiyar shogun ne, ɗaya daga cikin dogaransa waziri ne mai sababbin dokoki, dodannin kuwa masu sana'o'in da dokar ta karya ne. Hoton ya yi kasuwa har mai jarin ya tsorata ya janye shi, ya lalata allunan.

Amma hoton da na fi so ku gani da idon zuci wani ne daban, kuma masu zane da dama sun maimaita shi. A 1184, a bakin teku, a wurin da ake kira Ichi-no-tani, rundunar Taira ta karye, kowa na gudu zuwa jiragen ruwa. Wani barden Minamoto mai suna Kumagai ya hango mahayi cikin sulke mai tsada ya kutsa da dokinsa cikin ruwa. Ya ɗaga maficinsa ya kira shi, ya ce abin kunya ne barde ya juya wa abokin gaba baya. Mahayin ya juyo. Wannan lokacin ne masu zane suka fi kamawa: dattijo a kan tudu da mafici sama, mahayi a cikin igiyar ruwa ya waiwayo, ba a zubar da jini ba tukuna. Da suka gwabza Kumagai ya kayar da shi, ya cire masa kwalkwali don ya sare kai, sai ya ga yaro ne ɗan shekara 16 ko 17, sa'an ɗansa na cikinsa, wanda aka ji wa rauni da safiyar ranar. Hannunsa ya mutu. Ya so ya sake shi, ya waiga ya ga mutanensa na tafe a guje, ya san in bai kashe shi ba wani zai kashe. Ya kashe shi yana kuka. Da ya buɗe kayan yaron sai ya tarar da sarewa a jaka, ya tuna busar da ya jiyo daga sansanin abokan gaba da asuba. Sunan yaron Atsumori. Daga baya Kumagai ya ajiye makami, ya aske kansa, ya shiga zuhudu irin na addinin Buda. Masu tarihi sun ce wata rigimar gona ma ta taimaka wajen fitarsa daga aikin soja, amma jama'a fuskar yaron nan suka riƙe, ita suka yi ta saye.

Iyayena da 'yan'uwana, ba sai na yi wa mutumin Kilomita Biyar bayanin wannan labari ba. Tun daga rikicin Disambar 2013 unguwar nan ta ga abin da ta gani. Akwai gidajen da har yau ba a iya ambaton sunan wani ɗa a cikinsu sai uwa ta tashi ta shiga ɗaki, a nan da kuma unguwannin da ke maƙwabtaka da mu. Mun ga samarin da suka fara da sunan tsaron unguwa suka ƙare da karɓar kuɗi a ƙofar shaguna, har 'yan kasuwa suka ce ya isa a Disambar 2019, aka yi asarar rayuka da dukiya. Da yawan samarin nan ba su wuce sa'o'in Atsumori ba lokacin da aka miƙa musu bindiga. Kafin bindigar kuma, wani ya riga ya nuna musu hoton abin da ake kira namiji.

Japan ma ta ga inda wannan ke kaiwa. Almajirin Kuniyoshi, Yoshitoshi, ya rayu har ya ga yaƙi na gaske, lokacin da aka gwabza a Ueno cikin birnin Edo a 1868, mulkin shogun na faɗuwa. An ruwaito ya je filin da kansa ya ga gawawwaki, kuma mayaƙan da ya zana a wannan lokaci fuskokinsu a firgice suke, leɓe ya yi shuɗi, jini ya jiƙa riga. Sai kuma a 1894, da Japan ta shiga yaƙi da ƙasar Sin, aka fitar da hotuna kusan iri 3,000 cikin ƙasa da shekara guda. Mafi yawan masu zanen ba su taka filin daga ba, daga labarin jarida suke zanawa. Sojan Japan kullum tsaye yake ƙyam cikin tsabta, na Sin kuwa a tarwatse, a wulaƙance. Wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya ne, amma wannan karon an yi aikin ne don a cire wa mai kallo tausayin abokin gaba. A ganina a nan sana'ar ta zubar da mutuncinta, duk da kyan launin. Irin wannan hoto a yau ba ya bukatar masassaƙi, a WhatsApp yake yawo, kuma cikin dare ɗaya ya gama unguwa.

To mu fa? Mu Hausawa da baki muka fi zana jarumanmu: kirari, waƙar makaɗan fada, labarin kaka da dare, sai kuma hawan Sallah inda ake fito da sulke da lifidi a gani. Amina ta Zazzau, Kanta na Kabi, Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransawa a Lugu a 1899, Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903, yaranmu da aka haifa a Bangui nawa ne suka san su kamar yadda suka san Jiraiya? Ƙasar nan tamu ta Afirka ta Tsakiya ma da nata: Karnu, mutumin Gbaya na yankin Bouar, wanda ya ta da jama'a a kan aikin tilas na Turawa a 1928, da ƙotar fartanya a matsayin alama, aka kashe shi a ƙarshen shekarar. Akwai Sanusi na Ndele da Faransawa suka kashe a 1911. A nan kuma dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Sanusi a bakin wasu sarki ne da ya gina birni ya yi tsayin daka, a bakin jikokin Banda da ya kai wa hari kuwa mai farautar bayi ne. Tawayen Karnu ma bai tsaya kan Turawa kaɗai ba, ya shafi Fulanin da ake ganin suna tare da su. Wanda zai ɗauki wuƙa ya sassaƙa ɗayansu, sai ya yanke shawarar wane lokaci na rayuwarsa zai kama, kuma ya san maƙwabcinsa ma zai ga hoton.

Da ni ke da jari, da mutanen zamaninmu zan fara. Zan sa a sassaƙa marigayi Imam Umar Kobine Layama da Akbishop Dieudonné Nzapalainga, wanda ya ba shi masauki a gidansa lokacin da gari ya rikice, suka riƙa shiga ƙauyuka tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou. Zan sa a sassaƙa Fada Bernard Kinvi na Bossemptélé, wanda ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan a 2014 masu makami na yi masa barazana. Zan sa a sassaƙa ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya shigo babban masallacinmu aka tarbe shi, alhali mutane da yawa na tsoron ratsa unguwar. Waɗannan duk sun tsaya a bakin ƙofa kamar Benkei, kuma akwai shaidu da ransu.

Na san a cikin masu saurare akwai mai tambaya a ransa: hukuncin zana mai rai fa? Tambaya ce mai nauyi. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun tsananta, wasu sun bambanta gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Wannan fagen nasu ne, kowa ya koma ga malaminsa. Sana'ar dai ba ta tsaya ga fuska ba. Ana iya sassaƙa ganuwa da ƙofar gari, garkuwa da kwalkwali, suna da shekara cikin ajami ko boko, da zayyana irin ta allo a kewaye.

Kayan aikin kuwa suna kusa. Dazuzzukan Lobaye da Sangha suna fitar da katako zuwa ƙasashen waje, guntayensa na zube a wurin kafintoci. Ƙasar da ake haɗa hoto da fukafukan malam-buɗe-littafi ba ta rasa masu haƙurin hannu ba. Ƙanena mai son gwadawa, ka nemi guntun katako mai laushi marar gaɓa, kamar tafin hannu biyu, ka goge shi sumul. Ka yi zanenka a siririyar takarda da layuka masu kauri, ka kifa ta a kai, ka manne da kunun rogo. Ka yanka da wuƙa mai kaifi, bakinta na kallon waje, ba wajen hannunka ba. Ka fara da launi ɗaya, baƙi, ka murza bayan takardar da bayan cokali. In za ka ƙara launi na biyu, kada ka manta da kusurwar nan a gefen allo. Wanda ya buga nasa, ya kawo mana nan gidan rediyo mu gani, mu kuma bayyana shi ga masu saurare.

  

[Taken rufe shiri]